Akwatin da Inna Ta Ce Yana Ja

Ƙarar murfin kwalla ce ta fara. Ina tsugune a bakin murhu ina dama koko, sai na ji ƙwal, ƙwal, daga ɗakin da muka sauke Inna, mahaifiyar Babanku. Na san ƙarar. Mace ba ta zuba kwanukanta ciki da ciki da sassafe sai in kaya za ta ɗaure. Na ajiye ludayi na je na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta. Ta amsa, hannunta bai bar lalube ba, domin a lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, haske kawai take bambancewa da duhu. Na tambaye ta ko wani abu take nema in miƙo mata.

"Ba ni neman komi, Amarya. Gida nika so."

Amarya take kirana har ta koma ga Allah, ko da yake a lokacin ina da ɗa a Poli.

Abu biyu nake jin kuna faɗa game da wannan shekarar, kuma saboda su na zauna rubuta wannan babi. Kuna cewa Inna ta ƙi akwatin sautin da aka saya mata ne don tsufa ya taɓa mata kunne. Kuna kuma cewa Babanku ne ya hana ni Islamiyya ina tsakiyar hadda. Duka biyun ba haka ba ne, kuma na biyun nauyi ne a kan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa.

Inna ta zo mana Kaura ne daga ƙauyensu da ke gefen Birnin Tsaba, a shekarar da mutanen wajen suka fara kwana a daji don tsoron masu bindiga. Babanku ya je da motar hatsi ya ɗauko ta, ita da kwallayenta da gafakar Alƙur'aninta. Ba a daɗe ba ta fara maganar komawa. Mun zaci abinci ne, na koma yi mata tuwon dawa da fura mai kauri irin tasu. Mun zaci zafin ɗakin kwano ne, aka sa mata fanka. Da Babanku ya matsa da tambaya, sai ta ce can akwai karatu, nan babu. Ƙanenta, Malam Ɗan'iya, yana da zaure jikin ɗakinta, kuma tun rasuwar mijinta, kullum bayan sallar asuba tare suke tilawa. Mu abin da muka fahimta shi ne tana kewar jin karatu. Babanku ɗan kasuwa ne, duk matsalar da ta zo masa yakan fara tambayar ko ana sayar da maganinta. Ya kira yayanku babba, wanda nake ce wa Magaji, mai karatun lantarki a Poli, ya ce ya nemo abin da zai cika ɗakin nan da karatu kamar mutum yana zaune a masallaci.

Magaji ya dawo a keke napep da kwali babba. A ciki akwai ƙananan sifikoki da aka rataye a kusurwoyi, da wata ƙatuwa baƙa da suke kira wufa, aka girke ta a ƙasa. Bashir, ƙanensa, mai gyaran waya a bakin tasha, ya jawo waya daga batirin sola. Suka zaunar da Inna a kan tabarma a tsakiya, Magaji ya taɓa wayarsa, Fatiha ta cika ɗakin. Ni dai ban taɓa jin karatu haka a cikin gida ba. Inna ta sunkuyar da kai, leɓɓanta na motsi. Ba a kai ƙarshen surar ba ta ɗaga hannu.

"Wanga abu shina ja," in ji ta.

Ku da kuka taso da waya ba lallai ku san abin da kalmar ta faɗa wa yayyenku ba. Mu da muka yi zamanin kaset, idan batir ya yi sanyi sai muryar mai karatu ta yi nauyi ta miƙe, a ce kaset yana ja. Su kuma samari, in sabis ya yi ƙasa abu yana tsayawa yana tafiya, shi ma ja suke ce masa. Saboda haka kowa a ɗakin ya ji ya gane ta. Magaji ya ce laifin manhajar ne, ta kyauta ce, tana rage sauti. Bashir ya ce ƙarya ne, manhaja manhaja ce, bulutut ne, haɗin nan na iska, ke cinye murya, a jona da igiyar waya a gani. Daga nan gidan ya shiga musun da har yau in sun haɗu da salla ba su gama shi ba.

Manhajoji uku suka yi ta gwadawa, irin waɗanda ake sauraron waƙa da karatu a cikinsu kai tsaye ba sai an sauke ba. Akwai ta kyauta, akwai wadda ake biya duk wata, akwai mai hoto. Magaji ya yi mini bayani wata rana ina yanka kuɓewa. Ya ce sauti kaya ne mai nauyi, kafin ya biyo iska ya iso waya sai an danne shi kamar yadda ake danne auduga a buhu. Wata manhajar tana dannewa da sauƙi, wata tana takewa da ƙafa, kuma abin da ya zube wajen dannewa ba ya dawowa. Ban ce na fahimci lantarkin ba, amma audugar na gane.

Da musu ya yi tsawo, sai suka shirya gwaji ranar wata Juma'a bayan an sauko. Aka rufe wayar da faifai don kada wani ya ga wacce ake kunnawa, aka zaɓi mai karatu ɗaya da sura ɗaya, aka ce Inna ce alƙali. Har maƙwabta mata biyu sun shigo. Ina zaune a bakin ƙofa, kuma zan faɗi abin da kunnena ya ji. Ta kyautar muryarta siririya ce, kamar mutum yana magana ta cikin gwangwanin madara, kuma ana tsakiyar aya sai wata mata ta faɗo tana tallar sabulu, har Babanku ya miƙe tsaye ya ce a kashe. Mai hoton ta fi duka ƙarfi, amma in mai karatu ya zo kan sin da sad sai su zama abu ɗaya, wani huci kawai kamar ruwa a kaskon zafi. Wadda ake biya ba ta da hayaniya, sai dai faɗi. Kana jin inda mutumin ya ja numfashi, kana jin muryarsa ta je ta bugi bangon masallaci ta dawo, kuma in ya yi ƙasa da murya sai wufar ta sa kwanukan cikin kabad su ɗan yi rawa. Da aka cire bulutut aka jona da igiyar waya, sai muryar ta ƙara matsowa kusa. Ashe kowannensu yana da rabin gaskiya.

Inna ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Aka juya mata su gaba da baya, tana cewa wannan cikin rijiya yake, wannan ihu yake yi, wannan kuwa ga shi nan zaune, har ta ji ya haɗiye yawu. Magaji ya fara murmushin wanda ya ci musu. Ya ce to Inna, wannan da kika ce ga shi nan zaune shi ne daidai ko?

"Muryatai ta hita. Amma shi ma shina ja. Duka suna ja."

Bashir ya faɗi a kan tabarma yana dariya, ya ce, "Matata, ba akwati ke ja ba, kunnenki ne ya yi sanyin batir. Ki bari in kai ki shago in yi miki caji."

"Ji miji," in ji ta. "Ko akuya ba ka ɗaure ba, kana kiran mata. Kunnena ya ji tahiyar uwarka tun tana bakin zaure, kai ko sai an yi ma hon."

Duk da haka an kai ta asibiti an duba kunnen. Suka ce lafiyarsa lau. Ita kuwa ba ta ga abin mamaki ba. Ta ce rediyonta na ƙauye ma haka yake yi, lasifikar masallacin unguwarmu ma haka, duk karatun da ya bi ta waya sai ya ja, abin da ya sa ba ta taɓa yarda da su ba ke nan. Sai ta koma kan maganarta. Ta sa aka kira mata wani direba maƙwabcinmu mai zuwa Zurmi. Babanku ya riga ta, ya bi tasha ya roƙi direbobi kada wanda ya ɗauke ta. Da ta ji, ta ce a gaya wa wancan, domin ba ta kiran sunansa, ƙafafunta ba su makance ba. A makon ne aka tare mota a hanyar aka shiga daji da mutane, cikinsu har da matar wani mai awo da Babanku ya sani. Ya daina cin abincin dare. Ba ya iya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, ba ya kuma iya barinta ta hau wannan hanya, sai ya zauna a zaure yana juya hula a hannu.

A lokacin ina zuwa Islamiyyar matan aure da safe, kuma na yi nisa a hadda, na kusa raba Alƙur'ani biyu. Ban taɓa ɗaga murya da karatu kusa da Inna ba. Suruka ce, ko tari nakan yi shi a hankali in tana kusa. A ɗakina nake yi, ƙasa ƙasa. Amma ran nan Malama za ta saurare mu, ga wake ban tsince ba, sai na ɗauki tire na zauna a inuwar bangon ɗakinta, na manta kaina. Na fara da Fatiha kamar yadda na saba, na wuce cikin surar da za a tambaye ni. Sai na ji muryarta ta taga.

"Ku kashe abin ga hakanan, ku bar batir shi huta."

Na ce, "Inna, ba akwati ba ne. Ni ce."

Sannan ta ce in shigo. Ta sa na zauna gabanta, ta lalubo fuskata da hannu kamar mai son tabbatarwa ba waya a jikina, ta ce in sake. Na sake daga farko. Da na zo aya ta huɗu ta Fatiha, ta ce in tsaya.

"Ke ma kina ja, Amarya? Ke da ba ki da batir?"

Na ce ta karanta mini nata. Ta karanta, kuma a karo na farko na saurare ta da kunnen ɗaliba. Kalmar nan ta farkon ayar, da mu muke jan mim ɗinta, ita a gajarce take faɗinta. Da ta shiga wata sura, na ji wurare da muke buɗe baki ita tana karya shi, wuraren da muke tsayawa kan hamza ita tana zarcewa. Nan na tuna Malama ta taɓa gaya mana cewa karatunmu na Islamiyya ruwayar Hafsu ce, na iyayenmu na allo kuwa Warshu ne, duka ingantattu. Na ji maganar a aji na rubuta ta, ban taɓa kawowa mai karatun Warshun tana zaune a ɗakin da nake kai wa koko ba. Inna ba ta san waɗannan sunaye ba. A wurinta karatu sunansa karatu, shi ta ji a bakin mahaifinta da ƙanenta. Ɗayan kuwa ba ta taɓa zama ta ji shi daga bakin mutum ba sai ta cikin ƙarfe, don haka ta ɗora wa ƙarfe laifi. Jan da take nufi shi ne jan wasali. Na yi mata bayani iya iyawata. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce:

"Ashe mutane na ka karatunsu. To, ku ba akwati haƙuri, na ɗauki alhakinai."

Da yamma Magaji ya bincika ya samo masu karatun Warshu a manhajar da ake biya, Larabawan yamma. Aka kunna mata. Ta bi su da leɓe har ƙarshen hizifi, ta ce wannan bai ja ba. Babanku ya ci tuwo malmala biyu a daren. Kowa ya ɗauka an gama. Washegari ina hura wuta na sake jin kwanuka.

Wannan karon ban tsaya a bakin ƙofa ba. Na shiga na zauna, na ce Inna, an samo karatun naku, me ya rage? Ta ce Balaraben nan ya iya, Allah ya saka masa, amma ba ya jiranta. In ta tsaya ya wuce, in ta ɓata bai sani ba. Ta ce abin da ke kanta na karatu tun idonta ya tafi yake zubewa kaɗan kaɗan, kamar hatsi a buhun da ɓera ya huda, kuma Malam Ɗan'iya ne ke riƙe da takarda yana tare mata.

"Ba ji nika so ba, Amarya. A ji ni nika so."

Na kalli gafakar da ke rataye a ƙusa. Na ce ta ba ni izini in buɗe. Takardu ne warwara, rubutun hannun mahaifinta, tawada baƙa da ja, gefensu ya yi laushi don taɓawa. Ni da na gama sakandare nake kuma hadda, na kasa karanta layi ɗaya ba tuntuɓe. Fa ɗinsu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama, wanda a wurinmu shi ne fa. Na ce mata in za ta yi haƙuri da ni, zan riƙe mata takarda. Ta ce mu gani. Ba ta kwance kayan ba ranar, sai da aka ɗan kwana biyu na ga kwallayen sun koma mazauninsu, ba wanda ya yi magana a kai.

Da farko ita ke gyara ni. Tana karantawa da ka, ina bi da yatsa, in na ɓace ta ce in koma baya layi kaza, wurin da tawada ta ɗiga. Ta san takardun kamar tafin hannunta. A hankali idona ya saba, bakina ya bi. Sai ranar da na ga ta tsallake aya guda, daga wata ta faɗa cikin mai kama da ita. Yatsana yana kan wurin, amma bakina ya ƙi buɗewa. Yaya zan ce wa uwar mijina ta yi kuskure? Sai na yi tari. Ta ci gaba. Na sake yin tari.

"Tari ba gyara ba na," in ji ta. "In na ɓata ki hwaɗi. Kunyar nan ki aje ta bakin ƙohwa tare da takalminki, in kin hita ki ɗauka."

Na faɗa mata ayar. Ta maimaita, ta ce Allah ya yi miki albarka, muka wuce. Ban sake jin ta ambaci mota ba.

Lokacin tilawarta shi ne daga asuba zuwa hantsi, domin bayan nan kanta yakan yi nauyi. Lokacin ajinmu ke nan. Na yi ƙoƙarin haɗawa, ina zuwa a makare. Amma ba lokacin ne kawai ba. Harshena ya fara cakuɗa su. In na tsaya gaban Malama sai na fara aya da karatunmu in ƙare ta da na Inna. Malama ta gaya mini gaskiya cikin mutunci, ta ce masu haɗa ruwaya biyu sai sun ƙware a ɗaya tukuna, ni kuwa ina tsakiyar kogi, in zaɓi gaɓa. Da Babanku ya ji, shi ne ma ya ce kada in bari. Ya ce zai nemo malamin allo ya riƙa zuwa yana saurarenta. Ya kawo wani dattijo har zaure. Inna ta ce ba ta buɗe baki da karatu gaban baƙon namiji ba tana yarinya, ba za ta fara da furfura ba. Babanku ya same ni a madafa ya ce, "Ki yi tunani. Wahalarki ce ta shekaru." Na ce na yi. Wannan ita ce duk maganar da ta shiga tsakaninmu a kai. Bai hana ni ba, kuma bai sa ni ba.

Da 'yan ajinmu suka yi walimar sauka, ni na dafa musu zobo da cincin, na je na zauna a baya. An kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na ji abin da mutum ke ji, na dawo gida na ɗora tukunyar dare. Haddata ta Hafsu ta tafi a hankali, ta Warshu kuma ban taɓa mallakarta ba, na dai san inda Inna ke tuntuɓe. Har yau in ina sallar dare nakan tsaya a tsakiyar aya ban san ta wace hanya zan fita ba, sai in koma gajerun surori. Na tambayi malamai, sun ce sallata ta yi.

Inna ta zauna tare da mu har ƙarshen kwananta, a Kaura aka binne ta, Babanku na tsaye a kanta. Ƙauyen nasu ya watse daga baya, Malam Ɗan'iya ya ƙare a gidan haya a Zurmi. Akwatin yana nan a falo, wufar ta fara ɗan kaɗawa. In kuna son ra'ayina a musun yayyenku, wadda ake biya ta fi, a jona ta da igiyar waya, a rage wufa kaɗan in karatu ne. Inna ma haka ta ce, kuma ta fi mu kunne.

Bayan rasuwarta ban daina buɗe gafakar da asuba ba, ko da yake babu wanda zan tare wa. Sadiya, autarku, tana 'yar shekara bakwai lokacin, ta fara Islamiyya, ni nake biya mata darasi da yamma. Wata rana ta dawo idonta ja, ta ajiye jaka, ta tsaya a bakin madafa tana murza gefen hijabinta. Na tambaye ta abin da ya faru. Sai ta ce:

"Mama, kada ki ƙara biya mini, Malam ya ce duk ɓata mini kike yi. Amma in za ki yi naki da asuba, ki tashe ni."